Ɗori Kan Labarin Wani: Tarihin Mai Karatun Da Ya Ɗauki Alƙalami

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tsakaninmu ɗaliban adabi, wai masu rubuta labarai a waya a yau ba su iya kome ba sai ɗauko labarin wani su sake masa riga. Mai faɗin haka yakan zaci wata sabuwar cuta ya gano. Nufina a wannan maƙala shi ne in nuna cewa al'adar nan ta mai karatu ya ƙaunaci wani aiki har ya ɗauki alƙalami ya yi gini a kansa ta girmi waya, ta ma girmi boko a ƙasar Hausa, kuma magabata sun gindaya mata sharaɗi. Zan kira ta da sunan ɗori. Na tsaya a kan Ikara da Makarfi da Kudan domin ƙasa ce da Allah ya ajiye tsakanin Zariya da Kano, watau garuruwa biyu da suka fi kowane gari ba Hausawa abin karantawa.

Kafin Zuwan Boko

Ɗori na farko da kowane ɗan Bahaushe ya sani shi ne na tatsuniya. Ba wanda ya mallaki Gizo da Ƙoƙi. Tsohuwar da ke Hunƙuyi takan ba Gizo gonar rake, ta wani gari kuwa ta ba shi kwale-kwale, kuma ba a taɓa kai ɗayarsu ƙara gaban alƙali ba.

A fagen ilimi kuwa abin yana da suna da ƙa'ida, shi ne tahamisi. Malami yakan sami waƙar wani wadda kowane baiti nata ke da ɗango biyu, sai ya ƙago ɗango uku nasa ya sa a gaban kowane baiti, su zama biyar, ya bi karin mai waƙar da ma'anarsa. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu lokacin Mauludi haka take. Asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, amma abin da muke ji a bakin almajirai haɗe yake da tahamisin Ibn Muhib. Haka kuma waƙar Tabban Haƙiƙa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke nan a aiki ɗaya, kuma har yau an san rabon kowa. To, wannan shi ne sharaɗin da na ambata. Mai tahamisi ba ya shafe sunan mai asali, hasali ma da sunan yake tinƙaho.

Zamanin Zariya

Da Turawa suka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya, sai Dokta Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri a zaure, in ya ga yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke haɗuwa gari gari suna yi wa juna dabara, zai gane inda aka ɗebo ruwan, kuma Imam da kansa bai ɓoye haka ba a tarihin rayuwarsa.

Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, shi ne babban misali. An tara wa Imam littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa, ya karanta, sa'an nan ya zuba su a bakin aku, ya ba mutanen ciki sunaye da sarautu da halaye na Hausawa, har yaro ya karanta ya rantse a garinsu abin ya faru. Ahmadu Ingawa ma daga labarin wani jarumin Rashawa ya gina Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ashe littattafan da muke ɗauka tubalin adabinmu na boko, da yawansu ɗori ne.

Waɗannan littattafai daga Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA, da kamfanin NNPC na 1966, su ne suka shiga makarantun ƙasar Zazzau ta arewa, tafiyar da ba ta da nisa daga maɗaba'ar. Ƙasar kuwa ba karɓa kaɗai ta yi ba. Shu'aibu Makarfi, mai Zamanin Nan Namu na 1959 da Jatau Na Kyallu, yana cikin magabatan rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, kuma ta gidan rediyo mutane da yawa suka fara sanin wasanninsa.

Abin Da Ya Faru A Wasu Ƙasashe

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne. A ƙasar Sifen, bayan Cervantes ya fitar da Don Kihote a 1605, wani mutum ya ɓoye sunansa ya rubuta kashi na biyu a 1614. Abin ya ɓata wa mai littafin rai, ya fitar da nasa kashi na biyun a 1615, a ciki ya yi wa na jabun ba'a, ya kuma kashe jarumin a ƙarshe don kada wani ya sake taɓa shi. A Ingila, da Conan Doyle ya kashe ɗan sandan cikinsa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu ba su bar shi ya huta ba sai da ya dawo da shi. A Amurka kuma, masu sha'awar wasan talabijin na Star Trek suka fara buga 'yar mujallarsu a 1967, suna ƙaga sababbin labarai da mutanen wasan, suna aika wa juna ta gidan waya. Yawancin masu wannan aiki mata ne. Daga nan al'adar ta bunƙasa, ta hau intanet, har a 2019 aka ba wata taskar irin waɗannan labarai lambar yabo ta Hugo. Su ma ƙa'idarsu ita ce a faɗi mai asali tun a farkon shafi, kuma kada a sayar.

Zamanin Kano

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika ƙauyuka da yara masu iya karanta Hausar boko, amma kamfanonin ɗab'i ba su iya ƙosar da su ba, musamman da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980. Sai matasa suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Hafsat Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980 ta hannun NNPC, sa'an nan Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Da yawa daga marubutan nan masu karatu ne da masu kallon finafinan Indiya, waɗanda sha'awa ta kai su ga alƙalami. Sun ɗauko rigimar saurayi biyu kan budurwa ɗaya da ta auren dole, suka dasa su a gidajen Hausawa, kamar dai yadda Imam ya yi da nasa littattafan.

A nan ne ƙasarmu ta juya fuska daga kudu zuwa arewa. Motocin da ke kai rake da tumatir da tattasai Kano, da fatake masu bin kasuwannin ƙauye, su suka riƙa dawowa da littattafan. Inda ba kantin littattafai sai haya da aro. Littafi ɗaya yakan zaga unguwa har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. A ɗakin amarya wadda ta iya karatu takan karanta da ƙarfi, sauran suna tsinke zogale ko kitso, ana tsayawa ana gardama kan ko wance ta kyauta. Wannan ita ce ƙungiyar masoya tamu, ba rajista, ba shugaba.

Da yake ana fitar da littattafan kashi kashi ne, na ɗaya da na biyu da na uku, sau da yawa na ƙarshe ba ya isowa ƙauye. Ina yaro na ga yadda wata yayata ta magance wannan. Ta jira na uku na wani littafi har damina ta wuce, da ta gaji sai ta sami littafin rubutu na makaranta ta ƙarasa labarin da kanta, ta aurar da yarinyar ga wanda take so, ta sa kishiyar ta tuba. A saman shafin farko ta rubuta sunan littafin da na mai shi, a ƙarƙashi ta ce ita ce ta cika. Ba ta taɓa jin kalmar tahamisi ba, amma ta kiyaye sharaɗinsa. Ƙawayenta suka yi ta karɓa suna kwafa. Da na ukun gaskiya ya iso, wasu suka ce nata ya fi. Bayan an yi mata aure gara ta cinye littafin a cikin akwati.

Marubutan ba su sha da daɗi ba. An zarge su da ɓata tarbiyya da kwaikwayon baƙin al'adu. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, wadda daga baya ta sa hannu a kan littattafai, kuma a 2007 an ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano.

Zamanin Waya

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma kafin shekara ashirin kasuwar littattafan takarda ta durƙushe, rubutu ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad. Yarinya a Ikara tana iya rubuta shafi da dare, kafin asuba an karanta shi a Maraɗi da Jidda. Masu karatu suna roƙo kada a kashe wane, suna fushi in an jinkirta, wani lokaci marubuciya ta canza ƙarshen labari saboda su. Ɗakin amaryar nan ne dai ya faɗaɗa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke riƙe da alƙalami.

Amma a nan ne sharaɗin magabata ya fara lalacewa. Kwafa ta zama aikin ƙiftawar ido. Sai a ɗauki littafin mace sukutum a goge sunanta a sa wani, ko a karanta shi a YouTube a ci kuɗi ba da izninta ba, ko a canza sunayen mutanen ciki a sayar a matsayin sabo. Wannan ba ɗori ba ne, sata ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana. Kuskurenmu ɗalibai shi ne da muke haɗa ɓarawon da mai ɗori a tukunya ɗaya, har mu raina su duka. Hasara ta biyu ita ce ta ɓacewa. Dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye aikinsu, an rufe shi a 2023. Waya kuwa in ta faɗa rijiya ta tafi da abin da ke cikinta. Garar zamani ta fi ta akwati sauri.

Kammalawa

Daga tahamisin Ibn Muhib zuwa akun Imam, zuwa littafin yayata, hanya ɗaya ce: mutum ya so aiki, ya ƙara nasa, ya faɗi mai shi. Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya, musamman 'yan Ikara da Makarfi da Kudan, in mun je hutu mu tambayi iyayenmu mata da yayyenmu ko akwai sauran irin waɗannan littattafan rubutu a ƙasan akwati, mu nemi izninsu mu kwafa, mu rubuta sunan mai asali da na mai ɗori da shekara, mu kawo a adana a laburaren Sashe. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyinmu, aka buga su tsakanin 1911 da 1913, shi ya sa muke da su a rubuce. Na iyayenmu mata kuwa ba wani baƙo da zai zo ya tara mana. Allah ya ba mu iko, amin.