Zango da dawaki a gandun dajin Custer na jihar Dakota ta Kudu

A Amurka, ban da manyan gandayen daji na gwamnatin tarayya irin su Yellowstone, kowace jiha tana da nata gandaye da take kula da su. Da yawa daga cikinsu sun keɓe wurin da mahaya za su sauka da dawakinsu, su kwana, su wayi gari su shiga daji a kan sirdi. Ɗaya daga cikin sanannun irin waɗannan wurare yana gandun Custer, cikin tsaunukan Black Hills na jihar Dakota ta Kudu. Abin da ya sa tsarin ya ɗore shi ne sharuɗɗan da aka ɗora wa mai doki, domin kare lafiyar dabbobi, da ciyawar daji, da ran mahayin kansa.

Gandun da tarihinsa

Faɗin gandun ya kai kimanin hekta 28,700. Ya zama gandun jiha a shekarar 1919, da ƙoƙarin gwamnan lokacin, Peter Norbeck. Sunansa ya samo asali ne daga hafsan soja George Custer, wanda ayarinsa ya gano zinariya a bakin rafin French Creek a 1874. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta riga ta bar wa al'ummar Lakota waɗannan tsaunuka, amma bayan ganin zinariya aka ƙwace su. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin a biya diyya, Lakota kuwa suka ƙi karɓar kuɗin, suka ce ƙasarsu suke so.

Yadda zangon yake

Zangon dawakin yana bakin wannan rafi na French Creek. Mahaya suna zuwa da mota tana jan tirelar dawaki, su kafa tanti ko su kwana cikin motar. An tanadi shingaye da ake zuba dawaki da dare, da ruwan sha, da wurin tara kashin doki. Ana biyan kuɗin shiga gandu dabam, na kwana dabam, kuma ana iya kama wuri ta intanet tun shekara guda kafin ranar zuwa. Tsakanin watan Mayu da Oktoba aka fi zuwa, domin hunturun yankin yana da dusar ƙanƙara. Wanda ba shi da doki yana iya haya a bargar masaukin Blue Bell, ya fita tare da ɗan jagora.

Takardun lafiya da abincin doki

Mai shigowa da doki daga wata jiha sai ya riƙe takardar likitan dabbobi. Yawancin jihohi suna neman shaidar gwajin jini da aka yi cikin watanni 12, wanda ake kira gwajin Coggins, da sunan likitan da ya ƙirƙiro shi a 1970. Gwajin yana gano wata cutar ƙarancin jini ta dawaki da jakuna, wadda ƙudaje masu cizon dabbobi suke yaɗawa. Ba ta da magani, kuma dokin da ya kamu yana ɗauke da ita har mutuwarsa. A wurin da dawakin jihohi da yawa suke kwana kusa da juna, doki ɗaya mai cutar ya isa ya ɓata sauran.

Sharaɗi na biyu ya shafi abinci. Ba a yarda a shigo da busasshiyar ciyawa ba sai wadda hukuma ta duba ta tabbatar babu irin miyagun ciyayi a cikinta. Dalili shi ne ƙwayar iri tana zubewa daga dami, ko ta bi ta cikin doki ta fito a kashinsa, ta tsiro ta danne ciyawar da namun daji suke ci. Shi ya sa ake shawartar mahaya su fara ba dokinsu irin wannan ciyawa ƴan kwanaki kafin tafiya.

Haɗuwa da ɓauna

Gandun ya yi suna da ɓaunar Amurka, wadda ake kira bizon. Garken ya faro ne da dabbobi 36 da aka sayo a 1914, yau kuwa ya kai wajen 1,300, suna yawo a sake. Babban namiji yana iya kai kilo 900, ya kuma yi gudun kilomita 55 a awa. Sun fi faɗa a watannin Yuli da Agusta lokacin barbara, da kuma lokacin da mata suke da ƙananan ƴaƴa. Mahayin da ya tarar da su a hanya sai ya kauce da nisa, domin doki yana iya firgita ya kā da shi.

A ƙarshen watan Satumba na kowace shekara, ma'aikata da mahaya ƴan sa-kai suna koro garken zuwa shingaye a gaban dubban ƴan kallo. A nan ake yi wa dabbobin allura, a duba lafiyarsu, a ware waɗanda za a sayar a gwanjo cikin Nuwamba, don kada yawansu ya fi ƙarfin makiyaya.

Hanyoyi da wuraren da ke kusa

Hanyar Centennial, mai tsawon kimanin kilomita 179, tana ratsa gandun. An buɗe ta a 1989, shekarar da jihar ta cika shekara 100. A yamma akwai hanyar Mickelson mai kilomita 175, tsohon layin dogo ne da aka mai da na masu tafiya a ƙasa, da keke, da doki. Daga tafkin Sylvan ake hawa dutsen Black Elk mai tsayin mita 2,207, mafi tsawo a jihar. Ana kamun kifi da tuƙin kwalekwale a tafkunan gandun. A kudu akwai kogon Wind Cave, a arewa kuma dutsen Rushmore da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu tsakanin 1927 da 1941.

Wuta da yanayi

Da damina hadari yakan taso da rana tsaka, da tsawa da ƙanƙara, don haka mahaya suke fita da sassafe. Ba a hura wuta sai a murhun da aka tanada. A watan Disamban 2017 gobarar da faɗuwar wayar lantarki ta haddasa ta cinye fiye da hekta dubu 20 a gandun da kewayensa. Idan fari ya yi tsanani, hukumar gandun takan hana hura wuta baki ɗaya, har a cikin zango.