Sebastião Salgado: Masanin tattalin arzikin da ya ɗauki kyamara domin talakawan duniya

Sebastião Salgado na ɗaya daga cikin fitattun masu ɗaukar hoton da suka sadaukar da rayuwarsu wajen nuna halin da ma'aikata, 'yan gudun hijira da masu fama da yunwa ke ciki. An haife shi ranar 8 ga Fabrairu, 1944, a garin Aimorés na jihar Minas Gerais a ƙasar Brazil, ya kuma rasu a birnin Paris ranar 23 ga Mayu, 2025, yana da shekara 81.

Ilimin tattalin arziki ya karanta a jami'a. A 1969 ya koma Faransa tare da matarsa Lélia, saboda matsin mulkin soja a ƙasarsu. Daga bisani ya samu aiki da Ƙungiyar Kofi ta Duniya a Landan, aikin da ya riƙa kai shi ƙasashen Afirka. A waɗannan tafiye-tafiye ne ya fara ɗaukar hoto da gaske, kuma a 1973 ya ajiye aikin ofis ya rungumi kyamara.

Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne fārin da ya afka wa Jamhuriyar Nijar a wannan shekara. Tsakanin 1984 da 1985 ya sake dawowa yankin Sahel tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, inda ya ɗauki hotunan yunwar da ta addabi Mali, Chadi, Sudan da Habasha.

Salon aikinsa ya bambanta da na ɗan jaridar da ke zuwa ya wuce. Yakan shafe makonni ko watanni tare da mutanen da zai ɗauka, kuma hotunansa baƙi da fari ne. A 1986 ya je mahaƙar zinariya ta Serra Pelada a Brazil, inda dubban mutane ke hawa tsanin katako daga wani ƙaton rami, kowa da buhun ƙasa a kafaɗa. A 1991 ya ɗauki masu kashe gobarar rijiyoyin mai a Kuwait. Waɗannan hotuna sun shiga littafinsa Workers na 1993, wanda ya nuna gumin da ke ƙarƙashin dukiyar duniya. Littafin Migrations na 2000 kuwa ya bibiyi waɗanda yaƙi da talauci suka raba da muhallansu.

Bai tsira daga suka ba. Wasu masu sharhi sun ce kyawun hotunansa na iya mayar da wahalar talaka abin kallo a ɗakunan baje koli na Turai. Magoya bayansa kuma na ganin cewa kyawun ne ya mayar wa waɗannan mutane da mutuncinsu, ya kuma sa duniya ta tsaya ta dube su.

Abin da ya gani a kisan kiyashin Ruwanda na 1994 ya karya masa zuciya, har ya kusa barin sana'ar. Ya koma gonar mahaifinsa, ya tarar da ita ta zama fako. A 1998 shi da matarsa suka kafa cibiyar Instituto Terra, wadda ta dasa miliyoyin itatuwa har daji ya farfaɗo, tsuntsaye da namun dawa suka dawo.

Wannan ya buɗe sabon babi a aikinsa. Littafin Genesis na 2013 da Amazônia na 2021 sun mayar da hankali kan dazuzzuka da al'ummomin da ke cikinsu. A 2014 an fitar da fim kan rayuwarsa mai suna The Salt of the Earth, wanda ɗansa Juliano ya shirya tare da darakta Wim Wenders. Ya bar matarsa da 'ya'ya maza biyu.