Daga Madubin Mai Sayar da Yadi Zuwa Allurar Gilashi: Tarihin Gwajin Maniyyi

Duk mai bibiyar littattafanmu na Hausa ya san wannan labari: amarya ta shekara biyar ba ɓatan wata, uwar miji ta tada ƙayar baya, dangi suna ta habaici da juya, a ƙarshe a dallo mata kishiya. Da wuya ka ga marubuci ya kai maigidan asibiti. Ni abin ya faru a gidanmu, domin wata 'yar gwaggona shekara tara tana shan saiwoyi da rubutu, ana yawo da ita wurin likitocin mata, ba wanda ya taɓa ce wa mijin uffan. Dalilin da ya sa ke nan na shiga bin diddigin yadda aka fara auna namiji.

A shekarar 1677, a garin Delft na ƙasar Holand, akwai wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge 'yan mitsi-mitsin gilasai yana haɗa madubin ƙara girman abu. Wani ɗalibin likita, Johan Ham, shi ya fara nuna masa wasu halittu masu wutsiya suna iyo a cikin maniyyi. Da ya tabbatar, sai ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan, cike da jin nauyi, har yana bayanin cewa abin da ya duba ta hanyar auratayya ya samo shi, kuma in sun ga batun zai zama abin kunya su ɓoye takardar.

To, gani daban, ganewa daban. A 1694 Nicolaas Hartsoeker ya zana ɗan ƙaramin mutum a dunƙule cikin kan ƙwayar maniyyi, wato a zatonsa mace gona ce kawai. Wasu kuma suka ce a'a, jaririn yana cikin ƙwan mace. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Lazzaro Spallanzani, wani fada ɗan Italiya, da ya ɗinka wa kwaɗi maza 'yan wanduna. Ƙwayayen matan ba su ƙyanƙyashe ba, amma da ya ɗebi ruwan da ya taru a wandon ya shafa musu, sai ga talibambam. Wajen 1780 ya yi wa wata karya ɗurin maniyyi ta haifi 'yan kwikwiyo uku. Duk da haka malamin ya mutu bai yarda masu wutsiyar nan ne ke aikin ba! Sai a 1876 Oscar Hertwig ya ga haɗuwar ƙwayar namiji da ta mace a wata halittar teku.

Abin lura, daga ganin ƙwayoyin zuwa ƙirga su don gano matsalar namiji, an haura shekara 250. A ganina ba rashin kayan aiki ba ne kawai, Turawan ma wuyan mace suka fi rataya wa laifin. A 1929 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Macomber da Sanders, suka ƙirga, suka ce haihuwa ta fi samuwa in ƙwayoyin sun kai miliyan 60 a kowace mililita. A 1951 John MacLeod ya kwatanta maza dubu masu 'ya'ya da wasu dubun da aurensu ba haihuwa, ya sauko da ma'aunin zuwa miliyan 20, ya kuma nuna kuzarin tafiyarsu na da muhimmanci ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagoranta na farko a 1980. Bugun 2010 ya sa miliyan 15, na 2021 ya sa 16. Wannan lamba ba katanga ba ce, akwai masu ƙasa da ita da suka haihu. Amma yau an san kusan rabin gidajen da ke neman haihuwa, akwai hannun matsalar namiji a ciki.

Bayan haihuwar Louise Brown ran 25 ga Yuli 1978 a Oldham ta Ingila, jaririyar farko da aka haɗa ƙwanta a waje, aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy, sai magana ta koma kan zaɓe. Wata dabara mai sauƙi ita ce a zuba wani ruwa na musamman a kan maniyyin, a ajiye a ɗumin jikin mutum kamar awa guda. Masu ƙarfi su iyo sama, a kwashe su, matattu da raggwaye su zauna a ƙasa. Sai dai wannan na bukatar dubbai masu lafiya.

A 1992 aka karya wannan sharaɗi a Brussels ta Beljiyam. Gianpiero Palermo, a ɗakin binciken André Van Steirteghem, ya soka ƙwaya ɗaya tal cikin ƙwan mace, aka kuma samu haihuwa. Ita ce hanyar da ake kira ICSI. Ma'aikaci zai duba ta madubi, ya zaɓi mai kyan kai da miƙaƙƙiyar tafiya, ya danne wutsiyarta ta daina motsi, ya zuƙe ta da allurar gilashi wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Ba a jima ba aka fara ɗebo ƙwayoyin daga cikin maraina ga wanda ba a ga ko ɗaya a ruwansa ba. Zaɓen nan dai har yau yawanci da ido ake yin sa, ido kuwa siffa da motsi yake gani, ba lafiyar gadon da ke ƙunshe a ciki ba.

Shi mijin 'yar gwaggon tawa, sai da amaryar ma ta shekara uku shiru sannan wani amininsa ya ja shi a ɓoye. Aka ce ya ƙaurace wa iyali kwana uku ya kawo a ɗan kwalba, a maimaita bayan wata uku, tunda sabbin ƙwayoyi kan ɗauki kimanin kwana 74 kafin su haɗu. Sakamakon farko ko la'asar bai kai ba ya fito.