Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Mota Mai Tsimin Mai: Jagora Ga Mazauna Gaya Da Kewaye

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara, a jihar Doso. Gada ce ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Binin, kuma garin Kamba na jihar Kabi ta Najeriya yana kusa da shi ta gabas. Shekaru da dama, ta nan ne galibin motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa Nijar, bayan tafiyar sama da kilomita 700. Saboda haka mutanen Gaya sun saba ganin motoci iri-iri. Amma wanda zai fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa yana bukatar sani fiye da na mai kallo. Wannan bayani zai taimaka wa mai saye ya zaɓi ƙaramar motar da zai iya riƙewa, domin kuɗin da ake biya ranar ciniki kashi ɗaya ne kawai na abin da mota take ci. Sauran su ne mai, gyara da takardu.

Wace irin mota ake nufi?

Ana nufin ƙaramar mota mai ƙofar baya, wadda ake ɗaga ƙofarta ta baya tare da gilashinta a zuba kaya. Wasu suna kiran ta mai ƙofa biyar. Tsawonta bai cika wuce mita 4 ba, girman injinta kuma yakan kama daga lita 1.0 zuwa 1.5. Tana ɗaukar mutum biyar har da direba. Idan aka kwantar da kujerun baya, wurin kaya yakan ƙaru.

Daga cikin irin waɗannan motoci akwai Toyota Starlet, Toyota Yaris, Nissan Micra, Peugeot 206, Opel Corsa, Renault Clio, Suzuki Swift da Honda Jazz. Tsohuwar Starlet ta yi suna a aikin tasi a Yamai, amma an daina ƙera ta a 1999, Yaris ta maye gurbinta. Ke nan duk tsohuwar Starlet da aka gani a kasuwa ta haura shekara 25. A 2020 kamfanin Toyota ya dawo da sunan Starlet a kan wata sabuwar mota da ake ƙerawa a Indiya domin kasuwar Afirka. Suna ne ya zo ɗaya, amma kayan gyaransu ba ɗaya ba ne.

Tambayoyi uku kafin a je kasuwa

Na farko, wace hanya motar za ta fi bi? Ƙaramar mota tana jin daɗin kwalta, kamar hanyar Gaya zuwa Doso da Yamai. Amma cikinta yana kusa da ƙasa. Yankin Gaya yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma da damina hanyoyin karkara sukan yi laka da kwazazzabai. Wanda zai riƙa shiga ƙauyukan Tanda, Tunuga, Bengu, Bana ko Yelu ya kamata ya tambayi direbobin da suke bin hanyar, ya ji ko ƙaramar mota tana wucewa a watan Agusta.

Na biyu, me za ta ɗauka? Idan iyali ne da ɗan kayan cefane, ta isa. Idan kuwa buhunan shinkafa ne, ko rake, ko dankali za a riƙa kaiwa kasuwa kowane mako, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Lodi mai yawa yana kashe shokozoba da tayoyi, yana rage ƙarfin birki, yana kuma ƙara shan mai.

Na uku, nawa za a iya kashe mata kowane wata? Kada a zuba duk abin da ke hannu a kan ciniki. Yana da kyau a ware wani kaso domin takardu da gyaran farko.

Me ya sa tsimin mai yake da muhimmanci?

A da, mazauna bakin iyaka sun dogara da man Najeriya mai araha da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki. A ranar 29 ga Mayun 2023 gwamnatin Najeriya ta sanar da janye tallafin man fetur, farashi ya tashi ƙwarai, wannan arahar kuma ta gushe. Nijar tana da matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram tun 2011, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Duk da haka, a watan Maris na 2025 an yi fama da ƙarancin mai da dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar. Darasin shi ne farashin mai da samuwarsa suna iya canzawa a kowane lokaci. Mai motar da ba ta shan mai da yawa shi ne ya fi jure irin wannan yanayi.

Ga misali da lissafi. Tafiya daga Gaya zuwa Doso da dawowa kusan kilomita 300 ce. Mu ɗauka lita tana sefa 500.

Motar da take shan lita 6 a kilomita 100 za ta sha lita 18, wato jika 9.

Motar da take shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 30, wato jika 15.

Bambancin jika 6 ne a tafiya ɗaya. Wanda yake yin wannan tafiya sau ɗaya a mako zai ga bambancin jika 312 a shekara.

Yadda za ka auna shan mai da kanka

Kowane mai sayarwa zai ce motarsa ba ta shan mai. Ga hanyar tabbatarwa. Ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. Ka yi tafiya, sannan ka sake cika tankin, ka rubuta litar da ta shiga. Ka ninka litar sau 100, ka raba da kilomitar da aka yi. Idan an yi kilomita 300 aka zuba lita 21, amsar ita ce lita 7 a kilomita 100. Ƙaramar mota mai lafiya takan sha tsakanin lita 5 zuwa 7 a kan kwalta. Idan ta kai 9 ko 10, akwai abin da ke damun injin. Idan mai motar bai yarda da doguwar tafiya ba, ka tambayi masu irin motar a tasha.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwar mota ana samun ta a wurin wakilan kamfanoni a Yamai, kamar CFAO mai sayar da Toyota. Amfaninta shi ne tana zuwa da garanti, ba wanda ya taɓa wahalar da ita, kuma takardunta a fili suke. Sai dai kuɗinta ya ninka na tsohuwa sau da yawa, darajarta tana faɗuwa da sauri a shekarun farko, kuma kiyaye garanti yakan bukaci a riƙa kai ta garejin kamfanin, tafiyar kusan kilomita 300 daga Gaya.

Motar hannu iri biyu ce. Akwai wadda aka shigo da ita daga Turai, Amurka ko Dubai, wadda ake kira ƴar Kwatano ko okaziyo. Akwai kuma wadda ta riga ta yi aiki a cikin ƙasa. Ta farkon sau da yawa injinta da kujerunta sun fi lafiya, amma ba ka san tarihinta ba. Motocin ƙasashen sanyi sukan yi tsatsa a ƙarƙashinsu saboda gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. Daga cikin na Amurka akwai waɗanda aka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, aka gyara su. Ta biyun kuwa kana iya sanin mai ita da bakaniken da yake duba ta, sai dai a guji wadda ta daɗe tana aikin tasi.

Ka zaɓi motar da bakaniken garinku ya sani

Wannan ita ce shawara mafi nauyi ga mazaunin bakin iyaka, domin iyaka takan rufe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ba a sake buɗe ta Kamba ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, an rufe gadar Gaya da Malanbil. Ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta na gadar a wannan shekara, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan lokaci, mai motar da ba a saba da ita ba yakan ajiye ta makonni yana jiran ɗan ƙarfe guda.

Saboda haka, kafin ka yanke shawara, ka zaga shagunan kayan gyara na Gaya da Doso. Ka tambayi kuɗin takalmin birki, kuloci, shokozoba, famfon mai da lagireto na motar da kake so. Idan ana da su a shago biyu ko uku, alama ce mai kyau.

Mota mai giyar hannu ta fi sauƙin gyara a ƙananan garuruwa fiye da mai canza giya da kanta. Injin fetur ya fi na gazuwal na zamani jure man da ba shi da tsabta. Motar da take haɗa fetur da lantarki tana da tsimi sosai, amma babban batirinta yana da tsada, kuma yana bukatar gwani na musamman. Ka kuma tambaya ko injin yana aiki da sarƙa ne ko da bel. Tsohuwar Yaris tana da sarƙa mai daɗewa. Peugeot 206 tana da bel da ake canzawa a kan lokaci, idan ya tsinke yana iya lalata injin.

Abubuwan dubawa ranar ciniki

Ka je da rana, tare da bakaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba.

1. A tayar da injin yana da sanyi. A duba hayaƙin salansa. Shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa yana nufin ruwa yana shiga injin. Baƙi yana nufin tana shan mai fiye da kima.

2. A buɗe murfin baƙin mai. Idan an ga abu kamar madara, ruwa ya gauraya da mai.

3. A leƙa ƙarƙashinta a nemi tsatsa, yoyo da alamar walda.

4. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina. Warin danshi ko busasshiyar laka alamar ambaliya ce.

5. A duba fitilun da ke gaban direba. Ya kamata su kama idan an murɗa makulli, su mutu bayan injin ya tashi.

6. Kada a yarda da lambar kilomita ita kaɗai, domin ana iya mayar da ita baya. A duba yadda sitiyari, kujerar direba da abin taka birki suka goge. Motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

7. A karanta shekarun taya. A jikinta akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana iya fashewa a zafin bazara ko da zanenta bai goge ba.

8. A tuƙa ta a kan kwalta da kuma burji. A saurari ƙara, a gwada birki, a lura ko injin yana yin zafi.

9. A guji motar da aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu, kamar wasu motocin Japan. Idan aikin bai yi kyau ba, rai yana cikin haɗari.

Takardu

Mota mai lafiya da ba ta da takardu na gaskiya tana iya zama asara gaba ɗaya. Da yawa daga motocin da suke ratsa iyaka suna ɗauke ne da takardar wucewa kawai, ba a biya musu kuɗin duwan na zama a Nijar ba. Haka ma mota mai lambar Najeriya ko Binin. Kafin a biya ko dala, a nemi waɗannan:

Takardar biyan kuɗin duwan. A kai ta ofishin duwan a tabbatar da ita.

Katin mallakar mota, wato carte grise. Lambar shasi da ke jikinsa ta yi daidai da wadda aka buga a jikin motar. Galibi haruffa da lambobi 17 ne. A karanta su ɗaya bayan ɗaya. Idan karatun yana yi maka wuya, ka tafi da wanda ka amince da shi.

Takardar sayarwa mai sunan mai saye da mai sayarwa, da kuɗin da aka biya, da sa hannun shaidu da hatimin hukuma.

Inshora, binyet da takardar duba lafiyar mota. Wanda zai riƙa tsallaka iyaka ya tambayi kamfanin inshora ko takardarsa tana aiki a Najeriya da Binin.

A kuma yanke la'adar dillali tun kafin a fara ciniki, a gaban shaidu.

Bayan an saya

A canza baƙin mai da matatarsa, da matatar iska, tun a makon farko. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da sauri, toshewarta kuma tana rage ƙarfin inji. A riƙa duba iskar tayoyi, domin taya mai laushi tana ƙara shan mai. A sayi mai a inda aka tabbatar ba a gauraya shi ba. A rage gudu, kowa ya ɗaura bel, yara kuma su zauna a baya. A ajiye ɗan littafi a cikin motar ana rubuta kilomita, litar da aka zuba da gyaran da aka yi. Wannan littafi zai nuna matsala tun tana ƙarama, zai kuma ɗaga darajar motar ranar da za a sayar da ita.