Daga Soron Ƙasa Zuwa Iyakwandishan Mai Taya: Tarihin Gudun Zafi a Kudancin Kano

Idan bazara ta kankama a Bebeji, tun kafin azahar yaro ba ya iya taka yashi babu takalmi. A watan Afrilu ma'aunin zafi a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, wata rana ma ya zarce. Kakannin mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun sha wannan rana shekara da shekaru babu wutar lantarki, kuma sun bar wa jikokinsu ilimin yadda ake zama da ita. A cikin shekaru hamsin da suka wuce aka yi sakaci da yawancin ilimin nan, shi ya sa yau magidanci ke tsayawa a shagon kayan wuta a kasuwar Sabon Gari yana taya na'urar sanyaya ɗaki mai tayoyi, yana tambayar ko za ta raba shi da gumi.

Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Zazzau da Kano, har Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa ta cikinsa a 1826. A irin waɗannan garuruwa, gidan mai hali aikin magina ne, kuma gini sana'a ce ta gado mai sarautarta, wato Sarkin Magina. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya shi ya bushe, sannan a jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri sosai daga tushe, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kaurin shi ne sirrin. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa, saboda haka ranar da ta bugi bango da hantsi ba za ta ƙarasa cikin ɗaki ba sai bayan faɗuwarta. Tagogi ƙanana ne, can sama, iskar da ta yi zafi ta fice ta nan, hasken rana kuma bai samu ƙofar shiga ba.

Rufin ma ƙasa ne. Ana giciya azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe. Daga ɓawon ɗorawa ake samun makuba, wadda ake shafe bango da rufi da ita don ruwa ya zame ya bi indararo. Wanda yake son ganin inda wannan fasaha ta kai, ya je Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ko ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ya ji yadda jikinsa zai faɗa masa ya shigo wani wuri dabam.

Talakan ƙauye kuwa ɗakin jinka ne nasa, kuma a kudancin Kano jinka ta fi dacewa. Ruwan sama ya fi yawa a nan fiye da arewacin jihar, yana kuma riga sauka, ga ciyawar shibci a wadace a gefen dajin Falgore. Rufin ciyawa mai kauri yana tare rana, iska kuma tana ratsa shi.

Sai dai gini rabin dabarar ne, sauran rabin yana cikin yadda aka tsara yini. Soron da ya yi sanyi da rana yakan fara fitar da zafin da ya tara bayan isha'i, don haka a bazara ba a cika kwana a ciki ba. Da la'asar mata kan yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, su da yara su kwana a fili, samari da magidanta kuma a ƙofar gida ko kan dakali. Da rana zaure da rumfa da gindin ceɗiya ko durumi su ne wurin hira da saƙa da shari'ar unguwa. Darbejiya, wadda yau ta zama inuwar kowace makaranta da kasuwa, baƙuwa ce daga Indiya, a zamanin Turawa ta shigo ta Borno. Ga maficin kaba a hannun kowane dattijo. Ga kuma randa a lungu, an kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar nan ta tafi da zafi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Wannan hikimar ce malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Kwano ya fara samun hanyar shigowa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma ya daɗe yana kan ofisoshi da kantuna kafin ya hau gidan manomi. Shekarun 1970 ne suka juya al'amarin. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, kuɗin man fetur suka shigo, ƙarin albashin Udoji ya zo a 1974, noman rani ya buɗe. Daga baya shinkafa ta mayar da Tudun Wada babbar kasuwa. Duk wanda ya sayar da amfanin gona ya ga riba, abin da zai fara yi shi ne ya sauke jinka ya buga kwano, in hali ya ƙaru ya sa bulo da siminti.

Ba daidai ba ne a zargi mutanen da suka yi haka. Soro yana son yaɓe kusan kowace shekara, marka ta Agusta tana rusa wanda aka yi wa sakaci, wani lokaci da mutane a ciki. Jinka kuwa tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa a lokacin hunturu. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Kwano ya kawo kwanciyar hankali da damina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma farashin da aka biya shi ne bazara. Falle ɗaya na ƙarfe ne tsakanin mutum da rana, yana gasuwa yana zubo zafi ƙasa, sau da yawa babu silin, bulon kuma siriri ne mai rami a ciki. Ɗakin da aka gina don a huta ya koma kamar tanderun gurasa. Kwanan waje ma ya ja baya, saboda sauro a yankunan noman rani da tsoron ɓarayi, musamman a shekarun da masu satar shanu suka addabi kewayen Falgore. Cunkoso a rufaffen ɗaki lokacin zafi da ƙura yana cikin abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996.

Mutanen Riruwai da sauran garuruwan duwatsun Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sun ɗan fi samun sauƙi, domin tudu ne kuma dare yana sanyi.

Da kwano ya kawo zafi, sai aka koma neman magani a wurin wutar lantarki. An kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972, fanka ta shiga gidajen da waya ta kai. Iyakwandishan, wadda Willis Carrier ya ƙirƙiro a Amurka a 1902 don wata maɗaba'a, ta tsaya a bankuna da otal-otal da ofisoshin manya. Tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta.

A wannan hali ne na'urar mai tayoyi ta iso, kuma tallanta yana da daɗin ji: ba fasa bango, ba kiran mai gyara, a gungura ta daga ɗaki zuwa ɗaki. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne injin da ke fitar da zafi yana cikin ɗakin tare da shi, ga ƙara. Dole a zura wani ƙaton tiyo ta taga don zafin ya fita. Mai tiyo ɗaya kuma iskar ɗakin da ta riga ta sanyaya take zuƙa ta watsar waje, sai iska mai zafi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinta. Shi ya sa wadda ake kafewa a bango, mai injin a waje, ta fi ta sanyi a kan wuta iri ɗaya. A ɗakin kwano marar silin kuwa, zafin da ke sauka daga sama ya fi ƙarfin abin da za ta iya kwashewa.

Sai batun ci. Matsakaiciya tana jan wajen wat 1,000, fankar sama kuwa 50 zuwa 75. Idan ta yi awa 8 tana aiki babu tsayawa, ta ci yunit 8. A farashin rukunin A na masu samun wuta mafi yawa, wanda ya koma sama da naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024, yin haka kullum ya kai kimanin naira 50,000 a wata, a jihar da mafi ƙarancin albashinta naira 71,000 ne. Wanda ke rukunin da ya fi araha kuma ba ya samun wutar da zai dogara da ita. Ƙaramin janareta ba ya iya tayar da ita, babba kuma yana shan fetur ɗin da aka cire wa tallafi a Mayun 2023.

Akwai wata akwatin da ake sayarwa da sunan iyakwandishan alhali ba ita ba ce, wadda ake zuba wa ruwa fanka ta hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Aikin randa take yi, kuma wutar da take ci kaɗan ce, sola ma tana ɗaukarta. A Maris da farkon Afrilu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, tana sanyaya ɗaki sosai idan an bar taga a buɗe. Da zarar hadari ya fara haɗuwa iska ta yi laima, wanda a Tudun Wada da Doguwa yakan zo da wuri, sai amfaninta ya ragu.

Mai haya a gari, wanda ba a yarje masa fasa bango ba, yana da silin da wuta tsayayya, zai iya amfana da na'urar mai tayoyi, musamman in akwai tsoho ko marar lafiya a gidan. Ga yawancin magidantan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuwa, sayenta asarar kuɗi ce. Kuɗin sun fi amfani idan aka sa silin, aka shafa wa kwano farin fenti, aka buɗe taga biyu masu kallon juna, aka dasa itace a yammacin ɗaki, sauran kuma a sayi fankar sola mai batir.