Cire, goge ko share: wace kalma ta dace da manhaja?

Tun bayan da Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a shekarar 2013, Facebook kuma ya soma aiki da harshen a 2016, zaɓen kalmomin fasaha ya ƙara muhimmanci.

Wajen bayanin raba manhaja da waya, kalmomi uku ne ke takara: cire, goge da share.

Cire dai na nufin fitar da manhajar ɗungurungum, kamar yadda manomi a Bichi ko Ɗambatta ke cire ciyawa da saiwarta. Goge da share kuwa sun fi dacewa da saƙo ko hoto.

Sai dai cire WhatsApp kan tafi da saƙonnin cinikin da ba a adana ba, don haka wajibi ne littafin jagora ya yi gargaɗi.