Mujiya da Kyanwa: Tarihin Wata Waƙar Shiririta ta Ingila

A cikin watan Disamba na 1867 wani mai zane ɗan Ingila, Edward Lear, yana zaune a garin Cannes na kudancin Faransa, inda ya je gudun sanyin ƙasarsa saboda ciwon ƙirji. A can ne ya tsara wata gajeriyar waƙa, ya ƙawata ta da zane, don ya faranta ran Janet, 'yar abokinsa marubuci John Addington Symonds, yarinyar da ba ta wuce shekara uku ba. Waƙar ita ce "The Owl and the Pussy-Cat", watau Mujiya da Kyanwa. An fara buga ta a wata mujallar yara ta Amurka, Our Young Folks, a 1870, sa'an nan ta fito cikin littafinsa Nonsense Songs, Stories, Botany, and Alphabets na 1871.

Baiti uku ne, kowane da ɗango 11. Mujiya da kyanwa suka shiga wani koren kwalekwale, da guzurin zuma da kuɗi naɗe cikin takardar fam biyar. Mujiya na kaɗa gita tana waƙar yabon kyanwa. Kyanwa ta kawo shawarar aure, sai dai babu zobe. Bayan tafiyar shekara da kwana ɗaya suka isa wata ƙasa, suka sayi zoben da ke hancin wani alade a kan sule ɗaya. Washegari talotalo ya ɗaura musu aure, suka ci liyafa, suka yi rawa a bakin teku cikin farin wata. Iyakar labarin ke nan.

Manazarcin da ya saba fara aiki da tambayar jigo da darasi zai sha wuya a nan. Yana iya cewa waƙar tana koyar da zaman lafiya tsakanin mabambanta, tun da tsuntsu da kyanwa ba sa ga-maciji. To amma ko sau ɗaya waƙar ba ta ambaci wata gaba tsakaninsu ba, balle a ce an yi sulhu. Ba wanda ya hana auren, ba wanda ya yi mamakinsa. Rashin darasin nan da gangan ne, kuma tarihin adabin yara na Ingila ne ke bayyana dalilinsa.

Tun daga 1715, lokacin da malamin addinin Kirista Isaac Watts ya buga Divine Songs, yawancin waƙoƙin da ake ba yaran Ingila na wa'azi ne da tsoratarwa. Dabbar da ta shigo cikinsu ba ta shigowa sai da aiki: ƙudan zuma misalin ƙwazo, kare misalin faɗa. Fiye da shekara ɗari ana haddace su a gida da makaranta. Lewis Carroll ya yi musu ba'a a littafin Alice na 1865, inda ya juya baitocin Watts suka zama abin dariya. Shi Lear wata hanya ya bi. Bai tanka wa masu wa'azi ba sam. Sauke wa dabbobin kayan darasi ya yi, ya bar su su yi sha'aninsu.

Kuma ya san dabbobi, sani na sana'a. An haife shi a 1812 a Holloway, kusa da Landan, cikin babban iyali da karayar arziki ta warwatsa, yayarsa Ann ce ta raine shi. Kafin ya cika shekara 20 ya fara buga zane-zanen aku waɗanda ya kwaikwaya daga rayayyun tsuntsaye a gidan namun dajin Landan. Wannan ya sa aka ɗauke shi zanen dabbobin gandun Knowsley, gidan sarautar Derby, a 1832. A can ya fara tsara 'yan baitoci don ba yaran gidan dariya, waɗanda suka zama A Book of Nonsense a 1846, shekarar da ya koya wa Sarauniya Biktoriya zane. Ke nan mutumin da ya aurar da mujiya ga kyanwa ya fi yawancin masu karatunsa sanin halin kowace daga cikinsu.

Abin lura shi ne, shiriritar nan tana da doka. Kari bai karye ba, amsa-amon ciki da na waje suna nan daram, kowane baiti yana rufewa da maimaici irin na amshi. Haka ma al'amuran cikin labarin: an yi guzuri, an nemi aure da waƙa, an ƙi ɗaurawa sai da zobe, an yi ciniki an biya, an sami mai ɗaurawa, an yi walima. Ko "shekara da kwana ɗaya" wa'adi ne sananne a tsohuwar shari'ar Ingila. Duk ƙa'idojin mutunci na zamanin Biktoriya an cika su. Masu cika su ne kawai ba su yiwuwa. Daga nan dariyar take fitowa. Wanda ya yi zamani da fam da sule kafin zuwan naira a 1973 zai fi jin daɗin lissafin: fam biyar sule ɗari ne, kuɗin da leburan gona na wancan lokaci ba ya samu ko a wata guda, amma su sun mai da takardar abin ƙunshe kuɗi. Sa'an nan ga kalmar "runcible" da Lear ya ƙirƙira don siffanta cokalin walimar. Tana da ƙirar sifa ta Ingilishi, tana zaune a gurbin sifa, amma ba ta nufin kome, domin kuwa a wasu wurare ya siffanta hula da kyanwa da ita. Irin wannan tsari ne ya sa Elizabeth Sewell, a littafinta The Field of Nonsense na 1952, ta ɗauki shiririta a matsayin wasa mai ƙa'ida, ba hargitsi ba.

Mai karatu Bahaushe yana da wasu tarnaƙi biyu. Na farko, mujiya a wurin Bature alamar hikima ce, a wurin Bahaushe kuwa abar tsangwama ce, shi ya sa ake cewa an mai da wane mujiya. Na biyu na nahawu ne. Waƙar ba ta faɗi jinsin ko ɗaya daga cikin masoyan ba, Hausa kuwa ba ta yarda da wannan shiru: wakilin suna dole ya zaɓa, kuma duka sunayen biyu na jinsin mace ne, kamar yadda taƙaitawar da aka yi a sama ta nuna. Mai fassara sai ya yanke hukuncin da mawaƙin ya bari a buɗe.

Sai dai fahimta ta fari, ta mujiyar da aka tsangwama, ba ta yi nisa da rayuwar Lear ba. Yana da farfaɗiya tun yana yaro, ya kuma ɓoye ta har ga yawancin abokansa. Yana ganin kansa mummuna. A zanen ba'a yakan fito da kansa da ƙaton tumbi da tabarau, wani lokaci a siffar tsuntsu. A 1866 da 1867 ya yi ta saƙa da warwara a kan neman auren Augusta Bethell, daga ƙarshe bai furta ba. Jim kaɗan bayan haka ya tsara waƙar da aure ke ɗauruwa cikinta ba tare da waliyyi ko bincike ba, kuma wadda aka yaba ce ta buɗe baki ta nema. Masu tarihinsa, irin su Vivien Noakes a 1968, sun lura da wannan kusanci. Yana ƙara haske, amma ba mabuɗi ba ne: yarinyar da aka yi wa waƙar ba ta bukaci saninsa ba, haka ma Igor Stravinsky da ya sa mata kiɗa a 1966.

Lear bai yi aure ba har ya rasu a San Remo ta Italiya a watan Janairu na 1888, 'yan watanni bayan mutuwar kyanwarsa Foss, wadda ta daɗe tana ɗebe masa kewa. Cikin takardunsa an sami guntun wata waƙa da bai ƙarasa ba, aka buga ta a 1938 cikin tarihinsa da Angus Davidson ya rubuta. 'Ya'yan ma'auratan ne ke magana a cikinta, rabi tsuntsu rabi dabba. Su ne suka bayyana cewa mujiya uba ne, kyanwa uwa, kuma uwar ta faɗo daga bisa itace ta mutu tun da daɗewa.